Mabuɗin Fim na Minti Biyu: Yadda Ɗalibai Za Su Zaɓi Nau'in da Za Su Iya

Akwai wani aiki da ɗalibin fim yake cin karo da shi tun bai gama sanin maɓallan kyamara ba. Malami zai ce ku haɗu ku uku ko huɗu, ku shirya mabuɗin wani sabon fim, wato farkonsa haɗe da sunan fim ɗin da sunayen waɗanda suka yi shi, kada ya wuce minti biyu. A Ingila, a da, aikin ya daɗe cikin jarrabawar nazarin kafofin watsa labarai ta 'yan ƙarshen sakandare, kuma hukumar jarrabawa ta Cambridge tana ba da shi ga makarantun da ke bin manhajarta a wasu ƙasashe: minti biyu, rukuni bai wuce mutum huɗu ba, hoton kuma ku za ku ɗauka da hannunku. Mai koyon fim a Jos ko Kano ko Yamai, ko matashin da ke son nuna wa furodusa abin da ya iya, shi ma da irin wannan gajeren aiki ake fara auna shi.

A zaman farko ake ɓata aikin. Kowa zai faɗi fim ɗin da ya fi so ya kalla. Wannan ya ce na faɗa, wancan ya ce na aljanu, ta uku ta ce soyayya da waƙa, a ƙarshe wanda ya fi ɗaga murya ya yi nasara. Sai ranar ɗauka a gane cewa abin da ake son kallo daban, abin da ake iya ɗauka da waya biyu da fitilar caji ɗaya daban. Nau'in fim alkawari ne da ake yi wa mai kallo cikin sakan talatin na farko: za ka ji tsoro, za ka yi dariya, za ka shiga zullumi. Kowane alkawari yana da farashinsa na wuri da mutane da haske da sauti da kwanaki. Saboda haka ku fara ƙirga abin da ke hannunku, sannan ku ga wane alkawari ne kuɗinku zai kai.

Lissafin minti biyu

Minti biyu sakan 120 ne. Tambarin kamfanin da kuka ƙirƙira zai ci sakan biyar zuwa takwas, sunan fim ya ci huɗu ko biyar. Abin da ya rage kimanin sakan 110 ne. A tsarin rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, ke nan labarinku shafi biyu ne, ba uku ba.

Ga wani abu da ke cin lokacin masu yin fim da Hausa musamman. Idan baƙo ya yi sallama, aka amsa, aka yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da zafi, sakan ashirin ya tafi ba a ce komai ba. Idan kuma kuka sa ya shigo ya fara magana babu gaisuwa, mai kallo zai ji wani banbaraƙwai. Mafita ita ce a shiga fitowar bayan an riga an gaisa, ko a zaɓi nau'in da ba ya dogara da zaman hira.

Sannan mabuɗi ba gajeren fim ba ne, ba kuma tirela ba ce. Gajeren fim yana kulle labarinsa. Tirela tana tsinto wurare masu zafi daga ko'ina cikin fim. Mabuɗi aikinsa uku ne kawai: ya nuna wace irin duniya muka shiga, ya ba mu mutum ɗaya da za mu bi, ya bar mu da tambaya ɗaya da ba a amsa ba. Duk nau'in da ba za ku iya yin waɗannan ukun da shi cikin sakan 110 ba, ku ajiye shi.

Ku ƙirga abin da ke hannunku

Ku ɗauki takarda ku rubuta wuraren da aka tabbatar muku za a ba ku, ba waɗanda kuke fata ba. Shagon kawu, ɗakin kwanan ɗalibai, zauren gidan kaka, garejin makanike ranar da ba a aiki, ajin da ba kowa bayan la'asar. A gaban kowanne ku rubuta wanda zai ba da izini, da awa nawa za a bar ku. Wurin da za ku samu na awa shida ba mai damun ku ya fi gidan alfarma da za a ce ku fita bayan minti arba'in domin maigida ya dawo.

Kada ku yarda da wuri sai kun je a daidai lokacin da za ku yi ɗaukar. Ku zauna shiru minti biyar, ku kunna rikoda a waya, ku saurara da abin sauraro na kunne bayan kun fito. Kunnen mutum yana tace hayaniya, makirufo ba ya tacewa. A nan za ku ji injin niƙan maƙwabta, da injin wuta, da adaidaita sahu, da makarantar allo ta bayan katanga. Ku lura da lokutan kiran salla ku tsara hutu a kansu. Idan wurin yana da hayaniya, duk nau'in da ke buƙatar doguwar magana ya faɗi tun daga nan. Dalili kuwa, makirufo yana son ya kasance tsakanin santimita 30 zuwa 60 daga bakin mai magana, kuma duk lokacin da tazarar ta ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kimanin desibel shida (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), hayaniyar titi kuwa tana nan yadda take. Wayar da ke ɗaukar hoto daga mita uku ba za ta kamo murya mai tsabta ba. Ku ɓoye waya ta biyu a aljihun gaban riga ko a bayan wani abu a kan tebur, ku tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka domin haɗa sauti da hoto wajen tacewa.

Sai mutane. Su wa za su fito, shekarunsu nawa, kuma za su zo sau biyu idan aka ce a sake? Abokin da ya amsa da "ba damuwa" a hanya ba ɗan wasa ba ne tukuna. Ku ba shi layi huɗu ya karanta a gaban kyamara ku gani. Yawancin ɗalibai ba su da gogaggen ɗan wasa ko ɗaya, kuma wannan ba abin kunya ba ne, amma yana nufin a nemi nau'in da mutum zai yi aiki da hannunsa da idonsa fiye da bakinsa. Wanda bai iya wasa ba zai iya kulle ƙofa, ya ƙirga kuɗi, ya waiga. Kuka da rantsuwa da kalaman soyayya ne suke tona masa asiri.

Haske kuma yana bin lokaci. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana tana bisa kai, tana jefa baƙar inuwa cikin kwarmin ido, fuska ta yi muni. Hasken da ya fi kyau shi ne na safe da na bayan la'asar sakaliya, amma a ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa; wannan jan haske mai kyau na gab da magariba bai cika wuce rabin awa ba. Hazon hunturu yana tausasa haske, abin so ne, sai dai ƙura tana hawa gilashin kyamara. Da damina kuma gajimare yana sauya haske tsakanin ɗauka da ɗauka, sai a zo haɗawa a ga rabin fitowa da rana, rabi da lumshi.

Na ƙarshe, kwanaki. Rukunin da bai saba ba, idan ya yi ƙoƙari, zai kafa kyamara a wuri 12 zuwa 20 a yini guda. Ku riƙe wannan adadi, domin shi ne zai raba gardama nan gaba.

Fim ɗin zullumi, da dalilin da ya sa ya fi karɓar ɗalibai

Idan aka bi wannan ƙirga da gaskiya, sau da yawa inda ake sauka shi ne fim ɗin zullumi, wanda mai kallo ke zaune ɗar-ɗar yana jiran wani abu ya faru. Ba domin ya fi sauran daraja ba. Domin kayan aikinsa su ne abin da ɗalibi yake da su: wuri ɗaya, mutum ɗaya ko biyu, magana kaɗan, da abin da aka ɓoye. Daraktan fim Alfred Hitchcock ya taɓa bambanta razana da zullumi da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan mutane suna hira bam ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na ɗan lokaci kaɗan. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, su masu hirar ba su sani ba, to duk tsawon hirar yana cikin zullumi. Na farko yana buƙatar fashewa, wanda ba ku da kuɗinsa. Na biyu yana buƙatar kusantar da kyamara ga wani abu na sakan uku.

Ga misali a shagon cajin waya, irin wanda ake liƙa wa kowace waya lamba a ba mai ita kati.

Ɗauka ta farko daga nesa, tsallaken titi, gab da magariba: shagon, da mai shagon yana sallamar mutum na ƙarshe. Sakan takwas, sunan kamfani yana fitowa a kai. Sai kusa: hannunsa yana zare caja ɗaya bayan ɗaya, allon soket yana zama fayau. Waya ɗaya ta rage, lamba 14. Ya buɗe littafinsa, kyamara ta bi yatsansa zuwa layin lamba 14, kwanan wata ya nuna kwana uku ke nan ba a zo karɓa ba, gurbin suna kuma babu komai. Ya ɗaga kafaɗa, ya jefa ta a aljihun tebur, ya fara jawo ƙofa. A nan, wajen sakan na 60, aljihun tebur ya fara kaɗawa. Ya tsaya. Ya buɗe. Saƙo ne ya shigo, hoto. Ya duba: hoton shi kansa ne yana jawo ƙofar, an ɗauka daga tsallaken titi, daga daidai inda kyamara ta tsaya a ɗauka ta farko. Ya ɗago kai. Titi, mutane suna wucewa, ba wanda ke kallonsa. Baƙin allo, sunan fim.

Ku duba farashinsa. Wuri ɗaya. Ɗan wasa ɗaya da ba zai furta kalma ko ɗaya ba, sai wanda zai karɓi waya a farko. Ɗauka 22 zuwa 28, kowace sakan uku zuwa biyar, daga wurin kafa kyamara kamar goma sha biyu. Yini ɗaya ya isa, da yammaci na biyu domin hotunan waje. Tambayar da aka bari a buɗe ita ma ɗaya ce: wa ke kallonsa?

Inda irin wannan ke lalacewa sananne ne. Fuskar waya tana da haske fiye da ɗakin, sai ta fito fari fat ba a ganin hoton. Ku rage haskenta zuwa kashi ɗaya cikin uku ku kulle hasken kyamara a kanta. Injin wutar shagon zai cika sauti. Ku kashe shi lokacin ɗauka, ku naɗi ƙararsa daban na minti ɗaya, ku shimfiɗa ta a ƙasa wajen tacewa. Ta haka za ku iya yanke ƙarar daidai lokacin da ya ga hoton, shirun da zai biyo baya ya fi kowane kiɗa aiki. Sannan kwan fitila mai ɓari. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar, kamar ta Ingila, tana juyawa sau 50 a sakan, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a sakan, sai a ga haske yana rawa ko layuka suna gangarowa. Ku mayar da ita 25, saurin ƙiftawar kyamara ya zama 1/50. Wutar ƙaramin inji ba ta tsayawa daidai, don haka fitilar caji ta fi aminci.

Kuskuren da ya fi waɗannan duka shi ne rashin haƙuri. Ɗalibai kan ji tsoron kada a ce ba abin da ya faru, sai su ƙara mutum mai rufe fuska ya fito da wuƙa a sakan na 100. Da zarar ya fito, tambayar ta mutu.

Sauran nau'o'in da abin da kowanne ke ci

Na ban tsoro ɗan uwan na zullumi ne, kuma ɗalibai suna son sa ƙwarai. Matsalarsa duhu. Duhun da ake gani a fim haske ne aka tsara, ba rashin haske ba. Idan kuka kashe fitila kuka ɗauka da waya, abin da za ku samu shi ne hoto mai yashi-yashi, launin toka, ba a gane fuskar kowa, domin idon kyamarar waya ƙarami ne, yana ƙara wa kansa ƙarfi idan haske ya yi ƙasa. Ana yin duhu da fitila ɗaya mai ƙarfi daga gefe ko daga bayan mutum, a bar rabin fuskar cikin inuwa, a sa farin kwali a ɗaya gefen ya ɗan mayar da haske, a kuma nisantar da mutumin daga bango kamar mita biyu domin bangon ya faɗa duhu. Idan ba ku da fitilar da za ta yi wannan, ku mayar da tsoron rana tsaka: gidan da kowa ya fita, tukunya tana tafasa a murhu, turmi yana amsa daka alhali ba mai daka.

Kada ku nuna aljani. Farar hoda da jan baki da likkafani dariya suke jawowa a aji, kuma da an yi dariya sau ɗaya tsoro ba ya dawowa. Sawun ƙafa, ko murya daga ɗakin da aka kulle, sun fi. Idan jini ya zama dole, zoɓo shi kaɗai bai yi ba, ya cika ruwa-ruwa kuma yana fitowa da shunayya. Ku dafa sukari ya yi kauri kamar zuma, cokali huɗu, ku zuba ƙaramin cokali ɗaya na jan kalar abinci da rabin ƙaramin cokali na garin koko irin na shayi domin ya yi duhu. Yana kama tufafi, don haka riga biyu iri ɗaya, ko kuma a bar wannan ɗauka ta zama ta ƙarshe. Maƙabarta kuwa ku bar ta. Ko an ba ku izini, mutanen unguwa ba za su ɗauke shi wasa ba.

Barkwanci shi ne mafi arha a kayan aiki, mafi tsada a mutum. Ba ya son fitila ta musamman, ba ya son dare. Amma 'yan camama da kuke gani suna ba da dariya da tsayuwa kawai, shekaru suka yi suna gogewa, kuma mai kallo ya riga ya san fuskarsu, yana fara murmushi kafin su yi magana. Abokinku da ke kashe ku da dariya a ɗaki yana yi ne da labarin malaman sashenku da laƙabin da kuka sa wa juna; mai duba aikin bai san ko ɗaya ba. Idan kuna da mutum ɗaya da baƙo zai kalla ya yi dariya, ku ɗauki barkwanci ba tare da shakka ba, ku ja kyamara baya a ga jikinsa duka, ku rage yanke-yanke. Idan babu, kada ku gwada.

Soyayya tana buƙatar mutum biyu da za su iya riƙe kyamara a kusa da fuska ba su ƙyalƙyale da dariya ba, da sauti mai tsabta. Fim ɗin Hausa ba ya nuna taɓa jiki tsakanin namiji da mace, kuma wannan taimako ne ga mai minti biyu, domin yana tilasta a yi aiki da kallo, da jira a ƙofar gida, da yaron da aka aika ya dawo ya ce wai tana zuwa. Mabuɗin soyayya mai kyau yana iya ƙarewa kafin su haɗu. Abin da zai kashe ku shi ne waƙa. Waƙa wani aiki ne cikakke: a rubuta, a shiga situdiyo, a kunna ta a wurin ɗauka, baki ya dace da murya, a sauya kaya da wuri. Ɗauko waƙar wani kuma matsalar haƙƙin mallaka ce, kuma YouTube da Facebook suna iya toshe sautin idan kun ɗora.

Na faɗa da guje-guje lissafi ne ke kayar da shi. Ɗauka a irin wannan fim ba ta cika wuce sakan biyu ba, ke nan kuna neman ɗauka 50 zuwa 60. Ku raba da 15 a yini, kwana huɗu ke nan, kafin a zo maganar koyon naushin da ba ya taɓa mutum, wanda sai an ajiye kyamara a bayan kafaɗar ɗaya domin ta ɓoye tazarar, an kuma ƙara ƙarar duka daga baya. Ga haɗari na gaske: bindigar roba a titi, daga nesa bindiga ce. Ba a fita da ita sai an sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa, da takardar makaranta a hannu. Tseren babur kuma babu makin da ya kai karaya.

Na tarihi, na zamanin sarakuna da dawaki, yana da kwarjini, amma duk inda kuka juya kyamara akwai wayar lantarki, ko rufin kwano, ko ƙarfen sabis, ko baƙar leda a maƙale a ƙaya. Ɗan wasa zai manta agogo a hannu, wata ta zo da silifas na roba. Sai dai in kun matse labarin cikin ɗaki ɗaya na ƙasa, da fitilar aci-bal-bal da tufafin mutum biyu.

Rikicin gida, na kishiyoyi da gado da auren dole, shi ne wanda mai kallon Hausa ya fi sabawa da shi, kuma wurinsa yana samuwa a sauƙaƙe. Cikasa shekaru ne. Ɗan shekara 20 da aka shafa wa hoda a gemu aka sa masa babbar riga ba Alhaji ba ne, kowa ya gani. Ku nemi dattijo na gaske ya ba ku awa biyu, ko ku bar manyan a bayan labule a ji muryarsu kawai, kyamara tana kan yarinyar da ke wanke-wanke a tsakar gida tana jin ana yanke hukunci a kanta. Wannan na biyun ya ma fi ƙarfi.

Yadda za a yanke hukunci

Ku fitar da nau'i uku, kowanne da jimla ɗaya da ta ƙunshi wane ne, a ina, me ya tarar. Idan jimlar ta kai layi uku, labarin ya fi ƙarfin minti biyu. Ku auna kowanne da abubuwa biyar ɗin nan, wuri, mutane, sauti, haske, kwanaki: maki biyu idan abin yana hannu, ɗaya idan sai an nema amma an san inda yake, sifili idan fata ne kawai. Duk wanda ya samu sifili ko a abu ɗaya ya fita, ko da jimillarsa ta fi ta sauran. Amfanin wannan shi ne gardama ta tashi daga "ni na fi so" ta koma "wa zai kawo doki".

Wanda ya tsira, ku kalli mabuɗin fina-finai biyar na irinsa, minti biyu na farko kawai, da agogo a hannu. Ku rubuta sakan ɗin da aka fara ganin fuska, da wanda aka fara magana, da wanda kiɗa ya shigo, da inda sunan fim ya fito, ku ƙirga sau nawa aka yanka. Abin da ya maimaitu a huɗu cikin biyar shi ne al'adar nau'in. Masanin fim ɗan Ingila Steve Neale ya bayyana nau'i a matsayin maimaici da bambanci, kuma a aikace ma'anarsa ita ce ku riƙe al'adu uku domin a gane inda aka dosa, ku karya ɗaya domin a tuna da ku. Wanda ya karya duka ba a san me yake yi ba. Haɗa nau'i biyu ma haka: ɗaya ya ja, ɗaya ya bi. Tsoro da barkwanci rabi da rabi cikin sakan 110 ba ya ba da tsoro, ba ya ba da dariya.

A wannan kallo za ku kuma gane abubuwan da aka gaji da su a aikin ɗalibai: agogo ya kaɗa, jarumi ya farka, ya goge baki, ya sa takalmi, wani a ɗaure a kujera ana tambayarsa ina kuɗin, gudu a daji ba a san me ya biyo shi ba, da "ashe mafarki ne". Kowannensu yana cin minti guda bai faɗi komai game da mutumin ba.

Sunaye ma suna faɗin nau'i kafin hoto ya faɗa. Siririn rubutu fari a gefen allo yana cewa zullumi. Mai kauri mai launi yana cewa dariya. Kowane suna ya tsaya gwargwadon yadda za a karanta shi sau biyu, kamar sakan uku, kuma a al'ada kamfani ne farko, darakta ne ƙarshe. Kafin ku ƙallafa rai a kan wani salon rubutu, ku buga ɗ da ƙ da ɓ a cikinsa a DaVinci Resolve ko CapCut ko duk manhajar da kuke tacewa da ita. Da yawa daga salo masu ado ba su da waɗannan haruffa, sai su fito da akwati ko su aro harafin daga wani salo, sunan fim ya zama kamar an yi masa faci.

Saura gwaji, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Mako guda ko fiye kafin ranar ɗauka, ku je ainihin wurin da ainihin ɗan wasan, ku ɗauki sakan talatin, ɗauka uku ko huɗu, har da wadda kuka fi jin tsoronta. Ku haɗa a daren, ku sa sautin da kuke nufi. Ku nuna wa mutum biyar da ba 'yan ajinku ba, ƙanwa, mai gadi, mai shayi, ba tare da kun yi musu bayanin komai ba. Tambaya biyu: wane irin fim ne wannan, kuma me kake jin zai faru? Idan huɗu suka faɗi nau'in daidai, ku ci gaba. Idan suka ce "kamar na tsoro, ko kuma na dariya", ku fara da sauti, domin shi ne mafi saurin gyara: ku cire kiɗan gaba ɗaya ku bar ƙarar wurin, ku sake nuna wa wasu biyar. Idan har yanzu ba su gane ba, ku koma kan nau'i na biyu a takardarku tun wurin da kuka aro da mutumin da ya amsa suna nan.